Kaka a Ogimachi: mai gida na yankan ciyawa, baƙo na ɗaukar hoto

A makon ƙarshe na Oktoba, da misalin ƙarfe tara na safe, manyan motocin bas ke fara jeruwa a filin ajiye motoci na Seseragi, a gaɓar kogin Sho. Mutane su yi ta sauka, kowa da waya a hannu, su hau gadar Deai, wata siririyar gadar ƙafa mai tsawon mita 107 da ke ɗan lilo in an cika ta, su tsallaka zuwa Ogimachi. A gabansu ga gidajen jinka masu tsini, a bayan gidajen ga duwatsu sun rine ja da ɗorawa. Kafin la'asar sakaliya yawancin waɗannan baƙi sun koma motocinsu, an rufe kantuna, garin ya koma hannun masu shi, waɗanda ba su wuce mutum 500 ba.

Ogimachi ita ce babbar unguwa a ƙauyen Shirakawa da ke jihar Gifu, a tsakiyar tsibirin Honshu na ƙasar Japan, yankin da duniya ta sani da sunan Shirakawa-go. Duk ƙauyen, in an haɗa da sauran unguwanninsa, mutanensa kimanin 1,500 ne. Baƙin da suka shigo shi a 2019 sun haura miliyan 1.7, kuma fiye da rabinsu daga ƙasashen waje suka zo. Wato kowane ɗan gari guda yana da baƙo sama da dubu a shekara. Yadda garin ya ɗauki wannan kaya, da abin da kayan ya yi masa, ya fi fitowa fili a lokacin kaka, don a lokacin ne cikar baƙi ke haɗuwa da aikin da ya fi kowanne nauyi a shekarar mutanen garin.

Kaka a wurin Bajapane tana da fuska biyu. Akwai girbin shinkafa, wanda ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya tashi a karkara. Akwai kuma rinewar ganye: da dare ya fara sanyi, rana ta gajarta, itatuwa sai su janye koren da ke jikin ganyensu, wasu su koma ɗorawa, wasu ja wur, kafin su kaɗe. Fita kallon wannan tsohuwar al'ada ce, har suna gare ta, momijigari, ma'ana farautar jan ganye. Masu hasashen yanayi kan fitar da taswira duk shekara, suna nuna yadda launin ke gangarowa daga Hokkaido da kawunan duwatsu tun watan Satumba, har ya iso Tokyo da Kyoto a ƙarshen Nuwamba. A Shirakawa-go abin kan kai ganiyarsa ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Makonni uku ke nan, kuma kowa su yake hari.

Gidan da ya haifi lamarin

Kusan duk faɗin ƙauyen, wanda ya kai murabba'in kilomita 356, duwatsu ne da daji. Ɗan kwarin da ya rage a bakin kogi shi ne wurin zama da noma. Da hunturu dusar ƙanƙara kan taru ta fi tsayin mutum, kuma irin mai nauyi ce, jiƙaƙƙiya. Rufin da bai miƙe sosai ba ba zai kai bazara ba. Shi ya sa suka ɗaga jinkarsu ta yi tsini, kusurwarta har kusan digiri 60, dusar ta riƙa zamewa, ruwa kuma kada ya kwanta cikin ciyawa. Suna kiran ginin gassho-zukuri, saboda rufin ya yi kama da tafin hannu biyu da aka haɗe lokacin addu'a irin ta mabiya Buddha. Mu buɗe tafi muke yi sama, su haɗewa suke yi, yatsu na kallon sama, to siffar ke nan.

Wanda ya saba da ɗakin jinka na gida zai gane abubuwa da yawa, sai dai girman zai ba shi mamaki. Babban gida a nan yakan kai hawa uku ko huɗu, kaurin ciyawar rufin kuwa ya doshi mita guda. Babu ƙusa a tsaikon rufin. Da igiyar ciyawa ake ɗaure itatuwan, da kuma ɗanyun rassan wata bishiya da suke kira neso, waɗanda ke ƙara tamkewa in sun bushe. Ɗaurin yakan ba rufin damar ɗan motsawa idan iska ta taso ko ƙasa ta girgiza, maimakon ya tsaya ƙyam ya karye. Gidajen kuma kusan duk fuska ɗaya suke kallo: goshinsu kudu da arewa, daidai da yadda iska ke bin kwarin, gefunan rufin biyu kuwa gabas da yamma, kowanne ya samu rabonsa na rana ya bushe.

A tsakiyar falon ƙasa akwai murhu da aka haƙa a daɓe, irori. Hayaƙinsa ke bi ta tsakanin katakan bene ya ratsa har cikin ciyawa, ya kori ƙwari, ya baƙanta itace da kunkunniya har ya yi sheƙi. Gidan da ake hura wuta kullum rufinsa ya fi daɗewa. A yau da mutane suka koma ga na'urar ɗumama ɗaki da murhun gas, ciyawar ba ta kai shekarun da take kaiwa a da.

Benayen sama ba na kwana ba ne. Nan ake kiwon tsutsar siliki, wadda ke son iska da ɗumi da ɗan haske. Ƙarƙashin daɓe kuma wata sana'a ce daban: a haƙa rami, a zuba ƙasa da ciyayi da kashin tsutsar silikin da fitsari, a bar su su ruɓe shekaru, a tace a fitar da gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Masarautar Kaga, mai hedikwata a Kanazawa, tana cikin manyan masu sayen wannan haja daga ƙauyukan kogin Sho, kuma nisan wurin da wahalar shigarsa sun taimaka wajen rufa asirin sana'ar. Gidan Wada, wanda ya fi kowane gida girma a Ogimachi kuma baƙi ke biyan kuɗi su shiga a yau, da cinikin wannan gishiri da siliki ya yi arziki. A kudancin ƙauyen har akwai gidajen da mutum talatin zuwa arba'in ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, tamkar babban gandu, saboda ƙasar noma ba ta isa a raba ba, kuma aikin siliki hannu yake ci.

Duk wannan ya rushe a hankali. Gishirin albarushi mai araha daga ƙasar Chile ya kashe sana'ar ƙarƙashin daɓe tun ƙarshen ƙarni na 19. Siliki ya yi ta ja da baya bayan yaƙin duniya na biyu. Sannan aka zo gina madatsun ruwa a kogin Sho don samar da lantarki, babbarsu ita ce ta Miboro da aka gama a 1961, ruwa ya cinye unguwanni. Gidajen gassho da suka kai kusan 300 a 1924 sun dawo 190 a 1961. Wasu an sayar da su, an kwance an kai birane an mai da su gidajen cin abinci. Wasu suna gidajen tarihi a Takayama da Gero da Kawasaki da Yokohama. A 1967 mutanen unguwar Kazura suka tashi gaba ɗayansu, suka bar kufai. Wani masanin zanen gine-gine Bajamushe, Bruno Taut, ya ziyarci yankin tun 1935 ya yaba wa ginin matuƙa, amma yabo bai hana matasa tafiya birni ba.

Alkawari uku

A 1971 mutanen Ogimachi suka kafa ƙungiyar kare muhallin garinsu, suka ɗaure kansu da ƙa'ida uku game da gida da gona da daji: ba sayarwa, ba bayarwa haya, ba rushewa. Sun ɗauko darasin ne daga Tsumago, wani tsohon zangon matafiya a jihar Nagano da ya riga su shiga irin wannan gwagwarmaya. A 1976 gwamnatin Japan ta sa garuruwan biyu cikin rukunin farko na unguwannin tarihi da doka ta kare. A Disamba 1995, a taron da aka yi a Berlin, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Ogimachi cikin wuraren tarihi na duniya, tare da Ainokura da Suganuma da ke yankin Gokayama a jihar Toyama. Gidajen gassho 59 aka lissafa a Ogimachi, 20 a Ainokura, 9 a Suganuma.

A ganina ƙa'ida ta biyu, wato hana haya, ita ce ta fi yin aiki, ko da yake ba ita aka fi ambato ba. Da an bar haya, da tuni manyan kamfanonin otal da na shan shayi daga Tokyo da Osaka sun kama bakin titi, 'yan gari su karɓi kuɗi su koma birni, a bar wa baƙo gari marar mutane. Saboda an hana, mai sayar maka da gasasshiyar shinkafar gohei-mochi a bakin hanya, da mai masaukin da za ka kwana, yawanci 'yan garin ne. Wanda zai canja taga ko ya gina rumfa sai ya kai maganar gaban ƙungiya, maƙwabtansa su duba. Abin da takura, babu shakka. Amma shi ya sa har yau ake shanya wanki a bayan gida, yara na tafiya makaranta da safe, tsoho na duba kabejinsa.

Kafin shigar garin cikin jerin UNESCO, baƙinsa a shekara kimanin dubu 700 ne. Suna ya ƙara su, amma hanya ce ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. A Yuli 2008 aka kammala babbar hanyar Tokai-Hokuriku, bayan an huda dutse an yi ramin Hida mai tsawon kilomita 10.7. A shekarar baƙi suka haura miliyan 1.8. Garin da a da dusar ƙanƙara kan yanke shi daga duniya ya koma tafiyar minti 50 daga Takayama, awa ɗaya da 'yan mintoci daga Kanazawa.

Sauƙin hanyar ya zo da nasa ciwon. Wurin da ke da wuyar zuwa, wanda ya je dole ya kwana, ya ci abincin dare, ya karya kumallo. Wurin da ke kan hanya tsakanin manyan garuruwa biyu kuwa zango ne kawai. Kamfanonin yawon buɗe ido sai suka mai da Ogimachi wurin yada zango na awa ɗaya ko biyu tsakanin Takayama da Kanazawa: a sauka, a hau tudun Shiroyama inda tsohuwar ganuwar garin take, a ɗauki hoton nan da kowa ya sani, a sayi tsire ɗaya na naman shanun Hida, a shiga bayan gida, a koma mota. Ƙafa da yawa, ciniki kaɗan, shara da cunkoso kuma na mai gida ne.

Abin da kaka ke nufi ga mai gida

Baƙon da ya tsaya a Shiroyama yana ganin gari a kwance lumui, kamar an zana. A ƙasa kuwa babu mai zama. Daga tsakiyar Satumba ake yankan shinkafa, wasu har yanzu suna rataye dammunan a kan dogayen sanduna su bushe. Ana gama wannan sai bikin Doburoku, na godiya ga abin bautarsu na dutse bisa amfanin gona: 14 da 15 ga Oktoba a wurin bautar Shirakawa Hachiman da ke Ogimachi, 16 da 17 a Hatogaya, 18 da 19 a Iijima. Ana zaga gari da tutoci, ana rawar zaki, da yamma kuma a shimfiɗa tabarmi, matan gari su bi layi suna zuba wa jama'a doburoku, wata farar giyar shinkafa mai kauri da ba a tace ba, wadda ake dafawa a wurin bautar tun cikin hunturu. Kamanninta kamar kunu, don haka Musulmin da ya faɗo garin a ranakun ya san abin da ke cikin ƙoƙon. Ba a tilasta wa kowa. Wanda bai karɓi ƙoƙo ba, ba za a zuba masa ba.

Bayan biki sai babban aiki, yankan ciyawar rufi, wadda suke kira kaya (sunan ya yi daidai da kalmarmu, amma ba dangantaka). Ana jira sai ta bushe a tsaye, daga ƙarshen Oktoba, kuma dole a gama kafin dusar farko ta kwantar da ita. A kan gangaren dutse ake yankanta da lauje, a ɗaure, a tara. A da kowane gida yana da nasa fegin ciyawa a dawa, yana tarawa shekara da shekaru kafin lokacin baibayarsa ya zo. Da aka daina kula da fegin, daji ya cinye su. Yau mafi yawan ciyawar da ke kan rufin Ogimachi sayo ta ake yi daga Gotemba, a gindin dutsen Fuji, a jihar Shizuoka, a kawo a manyan motoci. Garin ya fara ƙoƙarin farfaɗo da filayensa, yana gayyatar 'yan sa kai daga birane su zo yankan kaka, yaran makaranta ma ana fita da su. Abin da ake samu bai kai buƙata ba tukuna.

A nan ne zuciyar lamarin take. Rufin gassho yana bukatar sabuwar baibaya duk bayan shekara talatin ko sama da haka, kuma gefe guda na babban gida a yini ɗaya ake so a gama shi, don ba a barin gida a buɗe ruwa ya same shi. Babu iyalin da zai iya wannan shi kaɗai. Abin da ya riƙe su ɗaruruwan shekaru shi ne yui, wanda ba shi da wata fassara da ta wuce gayya. Mai gida ya bi gida-gida ya roƙi hannu tun da sauran lokaci. Ranar aiki mutum ɗari ko ɗari biyu su fito: gwanaye a sama suna jera ciyawa, wasu a cikin bene suna karɓar babbar allurar itace suna mayar da igiya, samari na miƙa dammuna hannu da hannu, mata na girki, yara na kwashe tsohon bunu. Ba a biyan kowa ko sisi. Amma akwai littafi da ake rubuta wanda ya zo da abin da ya kawo, kamar yadda uwar biki ke rubuta gudunmawa, kuma bashin yana nan ko da bayan shekara ashirin ne, ɗa ya biya na ubansa. A 2001, da aka sake rufin gidan Nagase, mutum sama da 500 ne suka taru, har gidan talabijin na NHK ya yi shiri a kai.

Irin wannan gayya yanzu jefi-jefi ake ganinta. Yawancin rufin 'yan kwangila ne ke yi, ƙwararrun masu baibaya, cikin makonni maimakon yini guda. Kuɗin yana kai miliyoyin yen masu yawa, gwamnati na ɗaukar kaso mafi tsoka, akwai kuma gidauniyar garin da ke samun wani ɓangare na kuɗin ajiye motoci tana zubawa a gyare-gyare. Ta wannan fuska baƙo yana biyan kuɗin rufin da ya zo kallo, kuma wannan tsari ne mai kyau. Sai dai dalilan da suka sa mai gida ke zaɓar ɗan kwangila su ma daga wannan arziki suka fito. Maƙwabcin da a da ba shi da abin yi sai gona, yanzu yana da kanti ko masauki, kuma rufe shi yini guda a lokacin cikar baƙi asara ce da kowa ya san adadinta. Mai gida na jin nauyin roƙonsa. Yana kuma tunanin yadda zai rama wa gida ɗari, alhali 'ya'yansa suna Nagoya. Rufin da ɗan kwangila ya yi ba ya zuba, wataƙila ma ya fi kyau. Abin da ke raguwa shi ne yawan mutanen garin da suka san yadda ake murɗa neso, da kuma dalilin da zai sa mutum ya riƙa shiga gidan maƙwabcinsa. Shi ya sa ƙungiyar garin ke ƙarfafa wa masu gida gwiwa su riƙa kiran gayya lokaci-lokaci, ko don yara su gani su koya.

Wuta

Garin ciyawa da itace ba shi da maƙiyi kamar wuta, kuma kaka lokacin bushewa ne. Mutanen Ogimachi suna da sintirin gobara na karɓa-karɓa, gida-gida, da rana da dare, ana zagawa ana tuna wa mutane su kula da murhu. A tsakanin gidaje akwai wasu 'yan akwatuna masu rufi mai tsini, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne. Bindigogin ruwa ne a ciki, guda 59. Aikinsu shi ne su yi labulen ruwa tsakanin gida da gida, tartsatsi kada ya tsallaka. Sau ɗaya a shekara, a cikin kaka, ake gwada su duka a lokaci guda: jiniya ta yi kuka, ruwa ya tashi sama kusan mita 30 ta ko'ina, ja da ɗorawar duwatsu na bayansa, minti kaɗan a rufe. Atisaye ne na tsira da rai, amma ya zama abin kallo, masu kyamara kan kama wuri a kan tudu tun da sassafe.

Ba tsoron banza ba ne. Ranar 4 ga Nuwamba 2019, kwana huɗu bayan gobara ta cinye fadar Shuri a Okinawa, wuta ta tashi a wasu rumfunan jinka biyu a filin ajiye motocin da ke tsallaken kogi. Rumfunan sun ƙone, mutanen gari suka buɗe bindigogin ruwa, wutar ba ta kai ga gidajen tarihin ba. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda fuskar ɗan gari ke canjawa ba idan ya ga baƙo ya kunna sigari a gindin rufi. An hana shan taba sai a 'yan wuraren da aka keɓe, an hana wasan wuta, an hana tashin jirgi marar matuƙi.

Sauran ƙorafin ƙanana ne, amma kullum ne. Baƙo ya ga ƙofa ya tura, yana zaton gidan tarihi ne, ya tarar da tsohuwa na cin abinci. Wani ya taka kunyar gona don hoto ya fi kyau. Wani ya leƙa taga. Wani ya nemi kwandon shara bai gani ba, ya ajiye ƙoƙon roba a bakin magudanar ruwan da kifi ke iyo a ciki. Rashin kwandon da gangan ne: ƙauyen ba shi da ƙarfin kwashe sharar mutum miliyan biyu, don haka ƙa'idar ita ce kowa ya koma da tasa, ko ya mayar wa kantin da ya sayi abin.

Matakan da suka ɗauka ba su da hayaniya. Akwai lokacin da wasu masu gonaki suka riƙa mai da filayensu wurin ajiye mota na kuɗi a tsakiyar gari, har abin ya fara ɓata kamannin da ake zuwa gani. An yi shekaru ana jayayya a tsakanin 'yan gari kafin a daidaita. Tun 2014 motar ɗan yawon buɗe ido ba ta shiga cikin unguwar daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma, sai ta tsaya a tsallaken kogi a shigo da ƙafa. Daren hunturu da ake haska gidajen da fitilu, wanda cunkosonsa ya taɓa fin ƙarfin hanya, tun 2019 sai wanda ya yi rajista tun da wuri. A kaka dai ba a kai ga ƙayyade adadi ba. Garin Fujikawaguchiko, da ya gaji da masu ɗaukar hoton dutsen Fuji a bakin titi, baƙin labule ya kafa a Mayu 2024 ya tare wurin. Mutanen Shirakawa ba su bi wannan hanya ba, sun fi dogara ga alluna cikin harsuna da yawa da roƙon baƙo ya yi hali na gari. Ko hakan zai ishe su, ina shakka. Tun da Japan ta sake buɗe ƙofarta bayan annobar korona a Oktoba 2022, ga kuma faɗuwar darajar yen, baƙin ƙasar suka kai miliyan 36.9 a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kuma Shirakawa-go tana kan hanyar da yawancinsu ke bi.

Akwai wani baƙon kaka da ba ya karanta allo. A gefen gidaje za ka ga bishiyoyin kaki, 'yar'uwar kanya ce ta jini, sai dai 'ya'yanta sun kai girman tumatir, jajaye, suna rataye bayan ganye ya zube. Idan 'ya'yan itatuwan dawa suka yi ƙaranci, beyar, wani ƙaton naman dawa mai gashi da farata, kan gangaro neman su kafin ya shiga barcin hunturu. A farkon Oktoba 2025 wani beyar ya ji wa wani ɗan yawon buɗe ido ɗan ƙasar Sifaniya rauni a hannu a cikin garin. A ƙauyukan Japan da yawa tushen abin ɗaya ne da na ciyawar rufi: tsakanin daji da gari a da akwai fili da ake yanka ana sharewa, yanzu hannun ya yi kaɗan, daji ya matso har bakin ƙofa.

Wanda ya kwana

Wasu daga cikin gidajen gassho masauki ne irin na iyali, minshuku. Ɗakuna kaɗan ne, bangon takarda ne da katako, kana jin tarin na kusa da kai, wanka da bayan gida na haɗaka, a ƙasa ake shimfiɗa katifa. A kaka sai an kama wuri tun da watanni, haka ma kujerar bas daga Kanazawa ko Takayama gara a saye ta tun kafin ranar. Abincin dare da wuri ake ci, a gefen murhu: kifin kogi gasasshe da gishiri, ganyayen dawa, wani tauri-taurin awara da yankin ya shahara da shi, da miso, irin daddawarsu ta waken soya, da ake gasawa a kan busasshen ganyen bishiyar hoba. Musulmi zai samu abin ci, amma ya sani cewa girkin Japan da wuya ya rasa ɗigon giyar shinkafa ta girki, mirin ko sake, a cikin miya, don haka a faɗa wa masu gida tun lokacin kama ɗaki. Ba a yi musu ba-zata da irin wannan buƙata, kicin ɗin na mutum ɗaya ne ko biyu.

Rana kan faɗa bayan dutse da wuri a wannan kwari, kafin biyar duhu ya fara. Daga nan ne ake jin abin da hayaniya ta rufe: ruwa na gudu a magudanai, ƙamshin hayaƙin itace, takun mai sintirin gobara. Da asuba hazo kan kwanta a kan gonakin da aka girbe, in rana ta bugi rufin da raɓa ta jiƙa sai ya riƙa tururi kamar an sauke tukunya. Mai kwana yana da wajen awa uku kafin bas ta farko. Kuɗin da ya kashe a dare ɗaya kuma ya fi na masu tsire da yawa, kuma kai tsaye ya shiga gidan da ke ɗauke da rufin. Matsalar ita ce gadajen ba su da yawa, masu masaukin suna tsufa, kuma aikin ciyar da baƙi safe da dare ba kowane ɗa ke son gadonsa ba. Idan mai gida ya rasu ba magaji a gari, ƙa'idar 1971 ta ce ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a rushewa. Gidan da ba kowa kuwa ba mai hura masa wuta, ba mai sauke masa dusar ƙanƙara. Dokar da ta hana baƙon kamfani shigowa ita ce kuma ke tsaye a gaban matashin da zai so ya baro birni ya zauna, kuma wannan ƙulli 'yan garin ne kaɗai ke da ikon kwance shi.

Zuwa tsakiyar Nuwamba ganye ya fara kaɗewa, an rufe hanyar dutsen Hakusan da ke haɗa ƙauyen da jihar Ishikawa sai kuma baɗi. Kawunan duwatsu sun yi fari. A lokacin ne ake aikin ƙarshe na kaka: a kafa sanduna a kewaye gida, a ɗaura musu wani saƙin ciyawa mai kama da zana, don dusar da za ta zamo daga rufi kada ta fasa bango da tagogi. Baƙin da suka makara suna wucewa ta gefen masu ɗaurin, suna neman bishiyar da ta rage da sauran ja.